Neman Maƙwabciya a Unguwar Turawa

Abin da ya fara ba ni tsoro a garin nan shi ne shiru. Nasiru, mijin 'yata, ya ɗauko ni daga filin jirgi, muka yi ta zabga tafiya a wani titi da ya fi gonar Malam maigidana faɗi, har muka karya kwana muka shiga unguwarsu. Gidaje ne a jere, farare tas, kowanne da ciyawa shimfiɗe a gabansa, ba katanga, ba zaure. La'asar ce sakaliya, lokacin da a ƙauyenmu na gabas da Ɗanbatta ba ka jin maganar na kusa da kai saboda daka da kukan awaki. Nan kuwa ko kaza ban gani ba.

Na ce, "Nasiru, rasuwa aka yi ne?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a Inna, haka unguwar take. Saboda shirun ma ake rububinta."

Na ce a raina, to Allah ya kyauta.

Garin yana kudancin Amurka, sunansa kuwa har yau harshena ya ƙi shi. Zafinsa irin na bazararmu ne, sai dai da gumi mai naso. Haihuwa ce ta kai ni. 'Yata ta fari ce, don haka kada a jira jin sunanta a bakina. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Yarinya nake ce mata tun tana zanin goyo, yau ga ta da ilimin boko har wuya, Yarinya dai. Yayata Asabe ce ta rene ta, ita ya kamata ta je zaman jegon, sai Allah ya karɓi abarsa bara. Abin ya faɗo kaina. Wata shida suka buga mini a fasfo. Nasiru ya nuna mini ranar da yatsa, ya ce idan na wuce ta da wuya su sake bari na shigo ƙasar.

Kwana goma da zuwana aka yi haihuwar, da tiyata. Namiji, angona, jajur da shi kamar an wanke da manja. Na ɗaura ɗamarar aikin da ya kawo ni, sai likita ta ce ba ruwan zafi, ba gashi, ba komai sai ɗinki ya warke. Ko da ta yarda ma, ina itacen, ina ganyen darbejiya? Na ce to bari ko turaren wuta na sa wa ɗakin. Garwashi bai gama kamawa ba wani abu a saman rufi ya ɗauki ihu, gidan duk ya ruɗe, jariri ya tsala kuka, Nasiru ya hau kujera yana fifita da tawul. Daga ranar aka ɓoye kaskon. Kunun kanwa kaɗai aka bar mini, shi ma cokali uku take sha ta ture.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai, kwana uku da dawowarmu daga asibiti ba wadda ta leƙo ta ce barka. Ko ɗaya. A garinmu mai jego sai ta roƙi a rage mata mutane ta samu ta runtsa. Wannan ta ɗauki jariri, waccan ta yi shara, wata ta zo da gulmar gari, kafin a ankara an yi arba'in. Nan kuwa barka sai ta waya. Nasiru ya ce hutun mako ɗaya aka ba shi a wurin aiki, daga nan fita da sassafe, dawowa bayan magariba. Tun a ranar na fara tunanin da bai sake ni ba har na baro ƙasar: idan watannina suka cika, wa zan bar wa Yarinya?

Suna ya faɗo Asabar. Aka raɗa a wani masallaci mai nisan tafiyar awa guda a mota. Da rana mutane suka zo, ba su cika tabarma biyu ba: wasu Yarabawa abokan aikin Nasiru, da wani mutumin Nijar da matarsa. Mutanen kirki, amma kowa yana ci yana duba agogo, don gidansa yana wata uwa duniya. Ragon kuwa a leda ya iso, yankakke, ba kai, ba ƙafa, ba kayan ciki, ba fata. Na juya shi na ce, "Nasiru, ka tabbata rago ne wannan? Ka ga ƙahonsa da idonka?" Ya ce shi dai haka aka ba shi. Na soye shi ranar Lahadi, gidan ya ɗauki ƙamshi, na ɗan ji kamar a gida nake.

Litinin da hantsi, Nasiru ya koma aiki, na shiga ɗakin Yarinya na ce, "Gidan wa da wa za a kai naman?"

Tana kwance ta ba bango fuska. Ta ce, "Inna, ba a yi a nan."

"Ba a yin me? Shekara huɗu kuna zaune ba ki san maƙwabtanki ba?"

"Muna ɗaga wa juna hannu."

"Hannu! To hannun ne zai riƙe miki ɗa ranar da kika kwanta ciwo?"

Raina ya ɓaci, na ce lalacin 'yan boko ne kawai, ba wanda za a kai wa naman suna ya ƙi buɗe ƙofa. Na jira barci ya ɗauke ta, na ƙulla naman leda-leda, na jera a tire, na zumbula babban hijabina na rufe tiren a ciki kamar yadda kowace mace take yi idan za ta ratsa gari da abinci. Na fita.

Gida biyar na danna ƙararrawa ba motsi. Ashe duk sun tafi aiki, ni ina na sani? Na dawo gidan da ke jikin namu ta hannun dama. Ga mota a ajiye, ga muryar talabijin. Na danna, shiru. Na sake, shiru. Sai na ce kai, ai ni ce da wauta, mace ce take tsayawa a ƙofar gida kamar mai neman aure? Matan gida suna ciki. Na ga wani ɗan ƙyauren katako a gefe, na tura na shige. Bayan gidan furanni ne da kujeru. Na rafka sallama sau uku, na tafa hannu. Akwai ƙofar gilashi, na kara hannu a goshi na leƙa. Sai ga wata tsohuwar Baturiya, siririya, kai fari fat, waya a kunne, tana ja da baya. Na washe baki na ɗaga mata leda. Ta juya ta shige da sauri. Na ce Allah sarki, kunya gare ta. Na ajiye mata rabonta a kan tebur na fito.

Ina tsakiyar titi zan tsallaka gidajen da ke kallonmu motoci biyu suka taso da jiniya suka sa ni a tsakiya. 'Yan sanda biyu suka diro, ɗaya fari, ɗaya baƙi, baƙin ma ba annuri a fuskarsa. Suna ta daka mini tsawa da Turanci. Ni ko "zo" ban sani ba. Hannuwana biyu suna cikin hijabi riƙe da tire. Na ce bari na nuna musu nama ne, su ma su ɗauki nasu. Ina fara motsa hannu sai na ga farin ya ja baya ya zaro bindiga.

Wallahi ban san bakin bindiga ƙarami ba ne sai ranar. Na yi kalmar shahada.

Wata murya ce ta tsaga unguwar. Wata baƙar mata, ƙatuwa, da shuɗiyar rigar masu jinya, ta fito daga gidan da ke kallon namu, hannuwanta biyu a sama, tana zazzaga musu faɗa kamar 'ya'yanta. Ta tako a hankali har ta tsaya kusa da ni, ta kalle ni, ta girgiza hannuwanta da ke sama, ta yi mini nuni da haɓa. Na gane. Na saki tiren ya faɗi ƙasa, naman angona ya watse a kwalta, na fito da hannuwa na ɗaga. Sai ga Yarinya ta fito a guje ba takalmi, ba ɗankwali, hannu ɗaya dafe da ɗinki, tana ihu da Turanci, tana haɗawa da "Innata ce! Innata ce!" Aka daɗe ana magana. Suka duba ledojin, suka rubuta abin da za su rubuta, suka tafi. Ba wanda ya ce mini sannu sai baƙar matar nan, ita ta tsince tiren ta riƙo ni har gida.

Nasiru ya baro aiki ya dawo. Yaro ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya zauna a ƙasa gabana.

Ya ce, "Inna, duk layin nan mu kaɗai ne baƙar fata. Shekara huɗu ina lallaɓa mutanen nan. Ciyawata ba ta kwana biyu da tsawo na aske. Ko shara zan fitar sai na sa rigar kirki. Wanda ya harare ni murmushi nake masa. A garin nan idan baƙo ya shiga bayan gidan mutum, wani ba waya zai ɗauka ba, bindigarsa zai ɗauko. Don girman Allah, kada ki sake fita ke kaɗai."

Na ce, "To me ya kawo ku cikinsu?"

Ya ce makarantar unguwar ce mai kyau, saboda yara. Na kalli jaririn da bai cika kwana goma ba.

Daga nan duniyata ta koma taga. Ko an bar ni ma ina za ni? Ba kanti, ba kasuwa, ba masallaci, komai sai da mota. Da safe ƙofofin gareji su ɗaga, motoci su fice. Da yamma su dawo, ƙofa ta sauka, ba ka ga ko ƙeyar mutum ba. Ruwa ya yi ta feshi a kan ciyawa shi kaɗai, ranar Asabar a aske ta a ɗure a buhu a zubar. Ciyawar da za ta riƙe tumakina har rani! Na kira Malam ya ce damina ta sauka, an yi shuka, gero ya fito. Maƙwabciyata Ladidi, wadda katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin, ta karɓi wayar ta ce, "'Yar Amurka, an ce ko tuwo inji ke tuƙa muku!" Na yi dariyar dole. Da na ajiye wayar na shiga banɗaki na yi kukana.

Yarinya kuwa tun ranar 'yan sandan ta ƙara lalacewa. Ɗinki ya warke, ita ba ta warke ba. Ba ci, ba magana, wanka sai na yi da gaske. Jariri yana kuka a gefenta, ita ta ƙura wa bango ido. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi tofi a ruwa. Wata rana da azahar ina shafa wa angona mai, sai ta ce, muryarta ƙalau kamar mai tambayar gishiri, "Inna, da babu ni ai da ya fi masa."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Ba komai."

Ranar ban bar Nasiru ya cire takalmi ba sai da na gaya masa. Washegari ya kai ta asibiti. Likita ta ce ciwo ne sananne da ke kama masu jego, ta ba da magani, ta ce za a warke amma da sannu, kuma kada a riƙa barin ta ita kaɗai tsawon yini. Ni ban san sunansa na asibiti ba, amma na san shi. Mun gan shi a garinmu. Shi ya sa ba a barin mai jego a ɗaki ita kaɗai ko na rabin yini. Na lissafa, saura mini wata uku da 'yan kwanaki.

A tsakanin nan ne Allah ya kawo mana sauƙi ta hannun baƙar matar nan. Loreta sunanta. Wani tsohon Bature take jinya a gidan da ke kallonmu. Motar haya biyu take hawa daga unguwarsu ta baƙaƙe, can ƙetaren babban titi, a sauke ta a bakin hanya ta ƙaraso da ƙafa. Idan tsohon ya yi barcin rana sai ta tsallako. Ranar farko da wata waina ta dankali mai zaƙi ta zo, ta wuce kai tsaye ɗakin Yarinya, ta yaye labule, ta ɗauki jariri ta saɓa a kafaɗa tana yi masa waƙa. Ba ta nemi izinin kowa ba. Na ce yawwa, ga mutum.

Ba ma jin yaren juna, amma hira muke har da shewa. Idan ta yi tsauri Yarinya ta fassara, kuma fassarar nan ce ta fara buɗe mata baki. Loreta ta kama haɓata ta juya fuskata, ta ce wallahi kamar gwaggonta. Ni kuma na ce ita da Fulanin Shanono kamar an tsaga kara, ƙiba ce kawai ta ɓata ta. Ta yi dariya har da buga cinya. Na tuƙa mata tuwo ta sa cokali, na ƙwace cokalin. Wata rana ta ce uwarta aikatau ta yi a irin gidajen nan har ta tsufa, kuma ba a taɓa barin ta ta shiga ta ƙofar gaba ba, sai ta baya. Ta ce, "Ke kuma kin bi ta baya an kira miki 'yan sanda. To ta ina suke so mu bi?" Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba.

Ita ta ba mu labarin tsohuwar da ta kira 'yan sandan. Karol sunanta. Mijinta ya mutu shekara biyu, 'ya'yanta suna nesa, daga ita sai talabijin, komai tsoro yake ba ta. Gaskiya ban ji tausayinta ba. Na ce Allah ya isa tsakanina da ita, na ƙara.

Hankalina ya fara kwanciya. Yarinya tana ɗan cin abinci, rannan har ta yi kitso. Na ce alhamdulillahi, na samu wadda zan bar wa. Saura mako uku na tafi tsohon Baturen ya faɗi a banɗaki. 'Ya'yansa suka zo suka kai shi gidan tsofaffi, aka kafa allon sayarwa a kan ciyawar. Loreta ta shigo da jakarta a kafaɗa ta ce an ba ta wani aikin a can wani gefen gari, ko ranar hutu zuwa nan zai yi mata wuya. Ta rungume Yarinya suka yi ta kuka. Ni ma ta rungume ni, ƙasusuwana har ƙara suka yi. Na tsaya a taga ina kallon ta tana tafiya bakin hanya da ƙafa har ta ɓace.

Kwana biyu Yarinya ta koma kallon bango.

Ba abin da ban kawo ba. Na ce ta biyo ni gida. Nasiru ya ce takardunta suna hannun hukuma ana dubawa, idan ta fita yanzu komai ya rushe, ga maganin da likita ke bibiya. Na ce ya ɗauki hutu, ya ce ya cinye. Matar mutumin Nijar aiki take. Na ce to ni zan zauna, su zo su kama ni. Ya ce, "Inna, idan kika yi haka, haihuwa ta gaba ma ba ki da hanyar zuwa." Ko'ina na juya a toshe.

Wata biyar ina zaune a taga, na san motar kowa a layin nan da lokacin fitarta. Mota ɗaya ce tak ba ta motsawa da rana. Na daɗe da sanin haka, zuciyata ce take ƙin kallon wajen.

Na ce wa Nasiru, "Gidan tsohuwar nan za ni."

Ya zaro ido. "Inna! Wadda ta kusa sa a harbe ki?"

Na ce, "To kawo mini wata maƙwabciyar."

Ya sunkuyar da kai.

Ana jibi zan tafi, da hantsi, na ajiye hijabi na yafa ɗan ƙaramin gyale yadda kowa zai ga hannuwana. Na rungumi angona a ƙirji. Na ce wa Yarinya ta tashi ta raka ni, ta ce ba za ta iya ba. Na ce, "Ko ki tashi ko na tafi ni kaɗai, a sake kiran su." Ta tashi. Muka bi ta ƙofar gaba. Na danna ƙararrawa. Muka daɗe a tsaye har na fid da rai, sannan ƙofar ta buɗe kaɗan, da sarƙa a jikinta. Rabin fuskar tsohuwar ya leƙo.

Tana ganin mu ta fara magana da sauri, fuskarta ta yi ja. Yarinya ta ce wai tana ba da haƙuri, ba ta san ko wace ce ba, ta tsorata ne.

Na ce, "Gaya mata ba wannan ya kawo ni ba. Ki ce jibi zan koma ƙasarmu. Ki ce mijinki yana fita da sassafe sai magariba. Ki ce ba ki da lafiya."

"Inna, don Allah..."

"Faɗa mata! Ciwo abin kunya ne?"

Ta faɗa, kanta a ƙasa, hawaye yana ɗiga.

"Ki ce a garinmu idan mutum zai yi tafiya maƙwabci yake bar wa amanar gidansa. Ki ce na duba layin nan kaf, ita kaɗai ce a gida. Ba kuɗinta nake so ba, ba abincinta ba. Ta riƙa leƙa ki, shi ke nan."

Tsohuwar ta yi tsuru-tsuru. Ta kalli jaririn, ta kalli Yarinya, ta yi magana a hankali. Yarinya ta ce, "Wai ita ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Wai ba ta saba shiga gidan mutane ba. Wai ko sunana ma ba ta sani ba."

Yarinya ta buɗe baki za ta faɗa mata, na ɗaga hannu na tsayar da ita. Ni ce mai ba da amanar, kuma ba a ba da amanar mutum da "waccan". Na dafa kafaɗarta, na kalli Baturiyar cikin ido, na faɗi sunan. Ya fito mini wani iri, kamar ba da bakina ba. Tsohuwar ta gwada ta karkace shi. Na sake faɗa. Sai da na faɗa sau huɗu tana bina kafin ta kama. Shekara ashirin da tara, ban taɓa kiran sunan ba sai a ƙofar matar da ta kira mini 'yan sanda. Ina jin idon Yarinya a kaina, na ƙi waiwayawa.

Ba ta cire sarƙar ba. Ta koma ciki, ta dawo da 'yar takarda da lambar wayarta, ta miƙo ta tsagar ƙofa. Ta zuro yatsa ɗaya ta taɓa tafin ƙafar angona. Ta ce idan wani abu ya faru a kira ta. Ta rufe. Iyakar abin da na samo ke nan.

Muna ratsa ciyawa za mu koma, na ji an riƙe bakin gyalena. Yarinya ta ce, "Inna, ashe kin iya faɗa."

Na ce, "Ke tafi can, mara kunya."

Ba ta saki gyalen ba har muka shiga gida. Da Nasiru ya dawo na sa ya zuba mini lambar tsohuwar a wayata. Ya ce me zan yi da ita tunda ba na jin Turanci? Na ce ya sa dai.

Na iso gida ana tsakiyar kaka, ko'ina gyaɗa a shanye. Washegari da la'asar tsakar gidanmu ba wurin taka ƙafa. Mata sun cika, ana ta 'yar Amurka ta yi fari, 'yar Amurka ina tsaraba. Ladidi tana gefena tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "To wa kika bar wa mai jegon?"

Na ce, "Maƙwabciyarsu."

"Babba ce dai ko?"

"Tsohuwa ce. Mijinta ya rasu, kullum tana gida."

Ladidi ta tafa hannu. "Kai, madalla! Ai ta yi uwa ke nan." Duk aka ɗauka, madalla, madalla, Allah ya saka mata. Ban ƙara komai ba. Ta ina zan fara?

Na kalli inuwar katanga. La'asar ɗinmu hantsinsu ne, Nasiru ya daɗe da fita. Na zame na shiga ɗaki na kira Yarinya. Wayar ta yi ta ƙara har ta yanke. Na ce wanka take. Na sake kira, ta yanke. Na kira Nasiru, tasa a kashe, haka suke yi a wurin aiki. Na kira ta sau na uku, na huɗu. A waje ana ta shewa, wata tana kwaikwayon tafiyar Turawa.

Na nemo lambar tsohuwar na danna. Ta yi ƙara sau biyar, sannan na ji 'yar siririyar muryar nan. Ba ni da kalma ɗaya ta yarenta. Na faɗi sunan 'yata. Na sake faɗa da ƙarfi.

Numfashinta kawai nake ji. Can na ji ƙarar sarƙa ana zare ta, na ji ƙofa ta buɗe, na ji takunta a hankali a kan dakali. Na riƙe wayar da hannu biyu ina jira.